Ɗan Kallo a Fagen Jini: Abin da Wasannin Rumawa Suka Yi wa Zukatan Masu Kallonsu

Wajejen shekara ta 380 Miladiyya, wani saurayi mai suna Alypius ya bar Arewacin Afirka ya tafi birnin Rum karatun shari'a. Mutumin Thagaste ne, garin da a yau ake kira Souk Ahras a gabashin Aljeriya. Ɗan manyan gari ne, mai natsuwa, kuma ya tsani wasan nan da Rumawa suka shahara da shi, wato a haɗa mutum biyu da makamai a fage su sari juna jama'a suna kallo. Wata rana ya yi kiciɓis da abokan karatunsa suna dawowa daga cin abinci. Suka kama shi cikin raha suka ja shi zuwa fagen, yana tirjiya, yana gaya musu cewa gangar jikinsa kaɗai za su iya kaiwa can, idonsa da hankalinsa kuwa ba su da iko da su.

Da suka sami wuri suka zauna, sai ya runtse ido. Kunnensa ne bai toshe ba. Ana cikin karawa ɗaya daga cikin mayaƙan ya faɗi, taron ya ɗauki wata irin sowa da ta girgiza shi, ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru, da niyyar ya gani ya raina. Hausawa kan ce gani ya kori ji. A wannan rana ji ne ya kira gani. Bai sake kau da kai ba. Ya ƙura wa jinin ido, ya yi ihu tare da masu ihu, ya bar wurin da ƙishirwar ya dawo. Ya kuwa dawo, har ya riƙa riga waɗanda suka fara jan sa zuwa, yana jan wasu.

Wanda ya ba da wannan labari malaminsa ne kuma amininsa, Agustin, a kashi na shida na tarihin rayuwarsa da aka sani da suna Confessiones, wanda ya rubuta a ƙarshen ƙarni na huɗu. Hukuncin da ya yanke shi ne cewa raunin da Alypius ya samu a zuci a wannan rana ya fi wanda mayaƙin da ya faɗi ya samu a jiki.

Yawancin muhawarar da ake yi a wannan zamani game da kallon tashin hankali a kan yara take, kamar dai shi babba ya riga ya gama ginuwa, ba abin da zai shige shi. Alypius ba yaro ba ne. Ɗalibin shari'a ne mai ra'ayi, wanda ya shiga fagen yana da hujjojinsa na ƙin abin. Tarihin Rum yana da amfani a nan saboda babu wata al'umma da ta daɗe tana zaunar da manyan mutanenta gaban zubar da jini da sunan nishaɗi kamarta, fiye da shekara 600, kuma a cikin waɗanda suka zauna suka kalla akwai masu alƙalami da suka rubuta abin da suka ji a ransu.

Wasan bai fara a matsayin nishaɗi ba. Karo na farko da tarihin Rum ya adana ya faru a shekara ta 264 kafin Miladiyya, lokacin da ƴaƴan wani babban mutum mai suna Brutus Pera suka haɗa mutum shida, biyu-biyu, suka yi faɗa a karar birnin, wato kasuwar shanu, don girmama jana'izar mahaifinsu. Irin wannan mayaƙi shi Rumawa ke kira gladiator, daga kalmarsu ta gladius, takobi. Shi kansa fagen sunansa ya samo asali ne daga kalmarsu ta rairayi, domin rairayi ake shimfiɗawa ya shanye jini. Daga mutum shida sai lissafi ya riƙa hawa. A jana'izar Aemilius Lepidus, a 216 kafin Miladiyya, mutum 44 aka haɗa. A ta Licinius Crassus, a 183, mutum 120. Zuwa shekara ta 65, Yuliyus Kaisar, yana neman farin jini a wurin talakawa, ya fito da mutum 640 da sunan tunawa da mahaifinsa, wanda ya yi shekara ashirin da rasuwa. Jana'iza ta zama hujja kawai, siyasa ce ke biyan kuɗi. Da mulki ya koma hannun sarakuna sai abin ya wuce misali: a shekara ta 80 Miladiyya sarki Titus ya buɗe babban fagen Kolosiyam, mai ɗaukar kimanin mutum 50,000, da wasanni na kwana 100, inda aka kashe dabbobi 9,000; bayan yaƙin Dacia kuma sarki Trajan ya yi kwana 123 yana biki, da mayaƙa 10,000 da dabbobi 11,000, kamar yadda masanin tarihi Cassius Dio ya ruwaito.

Wani zai ɗauka cewa Rumawa wasu irin mutane ne da aka halitta da son jini. Akwai wani ɗan gajeren labari a littafin tarihi na Livy da ya rushe wannan zato. Antiochus na Huɗu, wanda ya mulki ƙasar Sham daga 175 zuwa 164 kafin Miladiyya, ya yi shekaru a Rum a matsayin jingina kafin ya hau gadon mulki, kuma can ya ga wasan ya yi sha'awarsa. Da ya koma gida ya sayo ƴan takobi daga Rum da tsada ya nuna wa mutanensa. Livy ya ce da farko abin ya fi ba su tsoro a kan daɗi, saboda ba su saba ba. Sarkin bai daina ba. Ya riƙa maimaitawa, wani lokaci a tsaya da zarar an ji rauni, wani lokaci a bari har sai an kashe, har mutanen suka saba, suka so abin, samarin ƙasar suka fara sha'awar makami, har ya daina sayo mayaƙa daga waje domin ya samu masu shiga da kansu a gida. Da wuya a sami bayanin yadda sabo ke aiki a zuciya da ya fi wannan tsafta. Ƙyama ce ta fara zuwa, kuma ita ce ta asali. Abin da ya kawar da ita maimaici ne da aka auna, kaɗan-kaɗan, har ido ya daina gudu. Ba banza ba aka ce sabo turken wawa, sai dai wannan turke ya ɗaure masu wayo ma.

A zamanin sarakuna, yinin wasa ya kasu kashi uku. Da safe farautar namun daji ce a cikin fage, da zakuna da damisa da giwaye waɗanda yawancinsu daga Afirka aka kamo su. Da yamma ƙwararrun ƴan takobi ke karawa, kuma wannan ɓangare yana da doka da alƙali. Mayaƙin da aka kashe kuɗi aka horar jari ne, don haka ba kowace karawa ke ƙarewa da mutuwa ba. Tsakar rana ita ce ta kisa zalla, lokacin da ake fito da waɗanda aka yanke wa hukunci. A irin wannan lokaci ne masanin falsafa Seneca ya faɗa fagen wata rana, yana tsammanin zai tarar da ƴan barkwanci da abin da zai huta da shi. A wasiƙa ta bakwai cikin wasiƙun da ya rubuta wa abokinsa Lucilius, a shekarun ƙarshe kafin mutuwarsa a 65 Miladiyya, ya bayyana abin da ya gani: mutane ba kwalkwali ba garkuwa, kowane sara sai ya kama nama, wanda ya kashe kuma a riƙe shi don na gaba ya kashe shi, taro yana neman a ƙara, yana jin haushin wanda ke jan ƙafa wajen mutuwa, ana kora shi da bulala da wuta.

Abin lura a wasiƙar shi ne ba mamatan Seneca ya fi yi wa kuka ba. Ya yarda cewa mai yiwuwa ɗan fashi ko mai kisan kai ya cancanci abin da ya same shi. Tambayarsa tana kan wanda ke zaune a sama: shi kuma wane laifi ya yi da aka hukunta shi da kallon wannan? Ya kuma ba da shaida a kan kansa, cewa duk lokacin da ya shiga taro yakan koma gida ya fi yadda ya fito kwaɗayi da son girma, har ma da rashin imani. A ganinsa mugun hali ya fi saurin shiga mutum idan ya biyo ta ƙofar jin daɗi, domin a lokacin ba mai gadi a bakin ƙofa. Zama da maɗaukin kanwa ke nan, sai dai a nan maɗaukan dubbai ne, kuma dukansu suna ihu da murya ɗaya. Labarin Alypius, wanda ya zo bayan shekara 300, ya tabbatar da wannan: sowar taro ce ta buɗe masa ido, kuma Agustin ya ce daga wannan lokaci ya daina zama mutumin da ya shigo, ya zama ɗaya daga cikin taron.

Ba duka masu ilimin Rum ne suka ga illa ba. Cicero, wanda ya san cewa wasu na ɗaukar wasan a matsayin zalunci, ya kare shi a wani littafinsa na falsafa da cewa a lokacin da masu laifi ne ke faɗan, babu makarantar da ta fi shi koya wa ido jure ciwo da mutuwa. Pliny Ƙarami, a jawabin yabon da ya yi wa Trajan a shekara ta 100, ya yaba wa wasannin sarkin domin suna sa maza su raina mutuwa, tun da har a jikin bayi da masu laifi ana ganin son nasara. Duk da haka, masu suka da masu yabo ba su yi saɓani a kan abin da kallon ke yi ba. Dukansu sun yarda yana taurara zuciya. Saɓaninsu a kan sunan da za a ba taurin ne: wannan ya ce jarumta, wancan ya ce ƙeƙashewa. Daular da ke cin abinci da yaƙi tana da dalilin son talakawanta su ga jini kada su razana.

Taurin kuma bai kasance na bai-ɗaya ba, yana zaɓen wanda zai sauka a kansa. A shekara ta 55 kafin Miladiyya, babban kwamanda Pompey ya shirya farauta ta kwana biyar don buɗe gidan wasan da ya gina. A rana ta ƙarshe aka fito da giwaye kusan ashirin aka riƙa sukarsu da masu. Giwayen suka nemi fasa shingen ƙarfe suka kasa, suka koma suna kuka. Cicero yana wurin, kuma ya rubuta wa wani abokinsa cewa mutane ba su ji daɗi ba, tausayi ne ya kama su, suka ji kamar akwai wani zumunci tsakanin wannan dabba da ɗan Adam. Pliny Babba, wanda ya rubuta daga baya, ya ƙara da cewa jama'a sun miƙe da hawaye suna tsine wa Pompey. Waɗannan su ne mutanen da suka yi kwanaki suna kallon namun daji na yayyaga mutane ba su tashi ba. Tausayinsu bai mutu ba, yana nan da ransa. An dai koya masa inda zai tsaya ne. Wanda ke cikin fage bawa ne, ko fursunan yaƙi, ko mai laifi, ko ɗa wanda ya sayar da kansa ya zubar da mutuncinsa a idon doka. Shi kuma mai kallo yana zaune a gurbin da matsayinsa ya ba shi, dattawan majalisa a gaba, talakawa a baya, mata can ƙololuwa. Duk yinin wasa darasi ne a kan waye mutum, waye ba mutum ba.

Babu wanda ya nuna yadda darasin ya zauna kamar Symmachus, attajiri kuma fasihin majalisar Rum, mutum mai ladabi wanda wasiƙunsa ke cike da gaisuwa da tambayar lafiyar abokai. A shekara ta 393 ya shirya wasanni don murnar muƙamin da ɗansa ya samu, aka ba shi fursunonin yaƙi daga ƙabilar Saxon don su yi faɗa. Kafin ranar, 29 daga cikinsu suka shaƙe juna da hannu a inda aka tsare su, gudun kada su mutu ana kallonsu. Symmachus ya rubuta wasiƙa a kan abin, kuma abin da ke cikinta ƙorafi ne: an ɓata masa shiri, ga asara, shi kuwa zai yi haƙuri irin na masu falsafa. Mutum 29 sun zaɓi mutuwa a hannun ƴan'uwansu, shi abin da ya gani giɓi ne a jerin wasanni. Symmachus ba azzalumi ba ne a ma'anar da mutanen zamaninsa suka sani. Wannan ne ma ya sa wasiƙar take da ban tsoro.

Sabo yana da wani ɗa, shi ne gundura. Sarki Marcus Aurelius, wanda dole ta sa shi halartar wasanni, ya rubuta a littafin tunaninsa cewa abin yana gajiyar da shi domin kullum abu ɗaya ake gani. Cicero ma ya faɗi makamancin haka game da farautar Pompey. Mai shirya wasa da ke son a tuna da shi dole ya kawo abin da ba a taɓa gani ba, kuma a fagen jini sabon abu yana nufin ƙarin azaba. Mawaƙi Martial, a waƙoƙin da ya tsara game da wasannin fage, ya ba da labarin yadda ake sa wa mai laifi kayan wani gwarzon tatsuniya a sa ya taka rawarsa har zuwa mutuwa ta gaske. An shirya wani a matsayin Orpheus, mawaƙin da almara ta ce namun daji na sauraronsa, aka saki dabbar beyar ta yayyaga shi. Wasan kwaikwayo da hukuncin kisa suka zama abu ɗaya. Suetonius kuma ya ruwaito cewa sarki Claudius kan ba da umarni a yanka mayaƙin da ya faɗi ko da tuntuɓe ya yi, musamman masu faɗa da taru da mashi, waɗanda ba sa sa kwalkwali, don ya ga fuskarsu lokacin fitar rai.

Mai karatu Bahaushe zai iya tuna fagen dambe a nan, inda ake kiran hannun duka mashi, ɗaya hannun garkuwa, kayar da abokin karawa kuma kisa. Harshen na yaƙi ne, amma wanda aka kashe a dambe yakan tashi ya karkaɗe jiki, kuma ɗan wani ne da ƴan kallo suka san garinsu da makaɗinsa. Fagen Rum ya ginu ne a kan kishiyar haka: kisan na gaske ne, wanda aka kashe kuma an riga an cire shi daga cikin mutane.

Saura tambayar da ta fi damun mutanen yau: shin kallon ya sa ƴan kallo sun ɗauki makami? Akwai misali ɗaya sananne. A shekara ta 59 Miladiyya, a garin Pompeii, wanda aman dutsen Vesuvius ya binne bayan shekara ashirin, ana cikin wasan ƴan takobi sai gardama ta ɓarke tsakanin ƴan gari da baƙi daga maƙwabciyarsu Nuceria. Tacitus ya ce an fara da zagi, aka koma jifa, aka ƙare da takobi, aka kwashi ƴan Nuceria da yawa matattu da raunana. Majalisar dattawan Rum ta hana garin irin wannan taro na shekara goma. Amma wannan labari ya shahara ne saboda ba a saba ganin irinsa ba. Tarzomar da ta fi cin rai a daular ta fito ne daga filin tseren karusar dawaki, wasan da ba don jini ake zuwa ba. A birnin Kustantiniya, a 532, rikicin da magoya bayan ƙungiyoyin tsere suka tayar ya ƙare da kashe kimanin mutum 30,000. Shi kansa Alypius bai taɓa sarar kowa ba. A daidai shekarun da yake Rum ya yi aikin mashawarcin shari'a, kuma Agustin ya shaida cewa wani ɗan majalisa mai ƙarfi ya nemi ya saye shi ya kasa, ya yi masa barazana ya kasa. Daga baya ya zama bishof na garinsu. Hannunsa ya zauna da tsabta. Abin da ya canja shi ne abin da idonsa ke iya gani ya ji daɗi.

Tertullian, malamin Kirista na birnin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya lura da wannan rabuwar zuciya a littafin da ya rubuta a kan wasanni wajejen shekara ta 200. Ya yi mamakin mutumin da ke kau da kai daga gawar wanda ya mutu a kan gadonsa, amma ya zauna a fage ya ƙura wa gawar da aka yayyaga ido, da mutumin da ke raba faɗa a titi ya je can yana tafa wa wanda ya fi shi muni. Yana da dalilin ƙin fagen, domin a fagen garinsa ne aka jefa Perpetua da Felicitas da abokansu ga namun daji a 203 saboda addininsu. Sai dai littafin nasa ya ƙare ne da siffanta ranar hisabi a matsayin wasan da ya fi duk wasanni, inda zai kalli sarakuna da masu falsafa suna ƙuna yana murna. Mutumin da ya fi kowa sukar fage bai iya hango adalci ba sai a siffar fage, da shi a wurin zaman ɗan kallo.

Da sinima da talabijin suka zo a ƙarni na ashirin, masu bincike a Amurka suka koma kan waɗannan tambayoyi da ma'auni a hannu. Jinin fim na ƙarya ne, kuma mai kallo ya san haka, don haka ba a ɗora Kolosiyam a kan gidan sinima kai tsaye. Amma abin da suka samu game da manya bai yi nisa da abin da Livy da Seneca suka gani ba. A 1984 Daniel Linz da Edward Donnerstein da Steven Penrod suka sa ɗaliban jami'a maza suka kalli fina-finai biyar masu nuna yankan mata, ɗaya kowace rana. Zuwa rana ta ƙarshe damuwar da suke ji ta ragu, suna kuma ganin fina-finan ba su kai yadda suka fara ganinsu muni ba. Da aka nuna musu shari'ar fyaɗe sai suka ɗauki cutar da aka yi wa matar da sauƙi fiye da waɗanda ba su kalla ba. Wani gwaji na 1995 da Linz ya yi tare da Charles Mullin ya nuna cewa tausayin yakan dawo bayan kamar kwana biyar idan an daina kallo, abin da ke tunatar da dalilin da ya sa Antiochus bai tsaya a wasa ɗaya ba. A 2009 Brad Bushman da Craig Anderson suka sa wata mata mai bandeji a ƙafa ta yar da sandunan dogarawarta a ƙofar sinima. Waɗanda suka fito daga fim mai zubar da jini sun fi jinkirin taimaka mata da kashi 26 cikin ɗari, ko da yake jinkirin na ƴan daƙiƙu ne.

George Gerbner na jami'ar Pennsylvania ya bi wata hanya dabam. A shekarun 1970 ya nuna cewa masu yawan kallon talabijin sun fi ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari, sun fi zaton za a far musu, sun fi rashin amincewa da mutane. A ganinsa babbar illar ita ce tsoro, kuma mai tsoro ya fi saurin amincewa da mulkin ƙarfi. An ƙalubalance shi: wani bincike da aka yi a Toronto a 1979 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da yawan laifi a unguwar mai kallo, alaƙar takan yi rauni ƙwarai. A kan batun aikata laifi kuwa, masana tattalin arziki Gordon Dahl da Stefano DellaVigna sun duba alƙaluman Amurka na 1995 zuwa 2004 suka ga cewa a ranakun da fim mai tashin hankali ya tara jama'a, kai hari yakan ragu, saboda masu saurin faɗa suna zaune a sinima maimakon mashaya. Wanda ya tsaya a kan ƙidayar laifi kaɗai zai ce kallo ba ya komai, kamar yadda wanda ya duba aikin Alypius a kotu zai ce fage bai taɓa shi ba.

A Rum wasan bai mutu da wa'azi ba. Sarki Constantine ya fitar da doka a 325 yana nuna ƙin wasannin jini, ya ce a tura masu laifi haƙar ma'adinai, amma aka ci gaba da yi, har a ƙarƙashin sarakuna Kiristoci. Wasannin Symmachus sun zo ne shekara 68 bayan dokar. Masanin tarihin coci Theodoret ya ba da labarin wani mai zuhudu, Telemachus, da ya zo daga gabas ya shiga tsakanin mayaƙa biyu don ya raba su, ƴan kallo suka jefe shi har ya mutu saboda ya katse musu wasa, sarki Honorius kuma ya hana faɗan ƴan takobi, abin da ake dangantawa da shekara ta 404. Zuwa lokacin daular ta yamma ta talauce, makarantun horar da mayaƙa sun rufe, manyan gari ba su da abin kashewa. Faɗa da namun daji kuwa ya ci gaba fiye da shekara ɗari. Wasa na ƙarshe da aka sani a Kolosiyam an yi shi a 523, lokacin da wani mai suna Maximus ya sami babban muƙami ya nemi izinin yin biki. Amsar da Cassiodorus ya rubuta masa da sunan sarki Theodoric tana nan har yau. Ta kira wasan abin ƙyama, ta yi dogon bayani a kan yadda mutum ke miƙa jikinsa ga dabba don a ji daɗi, sannan ta ba da izini, tare da jan kunnen Maximus cewa ya biya mafarautan hakkinsu da kyau.